RIƘON ƊAN WANI A ƘASAR YAWURI: WA KE DUBA MARIƘI?



Gabatarwa

Da wuya a sami gida a ƙasar Hausa wanda babu ɗan wani a cikinsa. Ko a wannan ɗaki da muke zaune, na tabbata akwai waɗanda suka tashi a hannun kaka, ko gwaggo, ko kawu, ko wani malami. Akwai kuma waɗanda a yanzu haka suka baro 'yar riƙo a gida tana hura musu wutar tuwon dare. Saboda sabon da muka yi da wannan al'ada, ba mu cika tsayawa mu yi tambaya a kanta ba. Mun san yadda ake ba da yaro, mun kuma san dalilan da ke sa a ba da shi. Abin da nake so mu yi nazari a kansa yau shi ne tambayar da ke biyo baya: shekara guda ko shekara biyar bayan an ba da yaron, wa ke komawa ya duba ko mariƙin nan har yanzu ya cancanci riƙon? In kuwa an ga ya daina cancanta, wa ke da bakin cewa a karɓe yaron?

Na zaɓi in kafa misalaina da ƙasar Yawuri, watau Yelwa da Ngaski da Shanga da garuruwan bakin tafkin Kainji, domin a can wasu canje-canje sun auku cikin shekara guda, 1968, waɗanda a sauran ƙasar Hausa sannu a hankali suka auku. Abin da zan yi ƙoƙarin nunawa shi ne, kakanninmu suna da hanyar duba mariƙi, shari'a ma ta tanadi tata, amma duka biyun sun dogara ne ga kusanci. Da nisa ya shiga tsakanin dangi sai hanyar ta yi rauni, har yau kuwa ba mu maye gurbinta da wani abin kirki ba.

Riƙo da Ire-irensa

Riƙo, ko tallafi kamar yadda ake kiransa a wasu wurare, shi ne mutum ya ɗauki yaron da ba shi ya haifa ba, ya ci da shi, ya tufasar da shi, ya yi masa tarbiyya, sau da yawa har ya kai shi ga aure. Yaron ba ya rasa sunan ubansa, ba ya rasa gadonsa a gidansu, ba ya kuma gadon mariƙinsa. Wannan ya dace da hukuncin da ke cikin Suratul Ahzabi, wanda ya hana a jingina yaro ga wanin mahaifinsa. Saboda haka tun daga tushe, ɗan riƙo amana ne a hannun mariƙi, mai amana kuwa yana nan da ransa, ko shi ko magadansa.

Za mu iya kasa riƙo kashi uku. Akwai riƙon zumunci, kamar ɗan fari da iyaye ke jin kunyarsa a miƙa wa kaka, ko yaron da aka kai yaye gidan kaka ya zarce da zama, ko 'yar da aka bai wa gwaggon da Allah bai ba ta haihuwa ba. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta a 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma 'ya'yan dangi da ta riƙa sun sa ba ta tsufa ita kaɗai ba. Akwai riƙon neman ilmi ko sana'a, inda ake miƙa yaro ga malami, ko maƙeri, ko falke. Wannan ba baƙon abu ba ne a Yawuri, domin ƙasar tana kan hanyar fataken goro masu zuwa Gwanja, kamar yadda Farfesa Mahdi Adamu, wanda shi kansa mutumin Ngaski ne, ya bayyana a bincikensa. Na uku shi ne riƙon lalura, wanda mutuwa, ko rabuwar aure, ko yunwa ke haddasawa. A nan ne ake samun maraya da agola, a nan ne kuma haɗarin ya fi yawa, domin wanda ya kamata ya bi sawun yaron shi ne ba ya nan. Esther Goody, wadda ta yi nazarin riƙo a ƙasar Gwanja ta fitar da littafinta a 1982, ita ma ta bambance riƙon da aka yi da niyya da wanda masifa ta tilasta.

Idon Dangi

A zamanin da, babu wani ma'aikaci mai ɗauke da takarda yana zagaya gidaje. Duk da haka ba a bar mariƙi ya yi abin da ya ga dama ba. Mu ɗauki misalin yarinyar da aka bai wa gwaggonta a gungun da ke kallon nasu, ko a ƙauyen da bai fi tafiyar hantsi ba. Uwarta za ta gan ta ran kasuwa. Kakarta za ta gan ta wurin suna ko biki. In an yi rasuwa a gidansu za a zo da ita gaisuwa. Ba a buƙatar a tambaye ta kome, domin Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Kitson kanta, da kaushin ƙafarta, da zanen da ke jikinta, da yadda take zabura in an kira sunanta, duk shaidu ne. Maƙwabta kuma suna jin kukan dare ta bayan danga. Wannan dubawa ba ta da rana, kullum ake yin ta, wanda ake dubawar ma bai ɗauke ta a matsayin bincike ba.

In an ga abin da bai gamsar ba, akwai matakan da ake bi, kuma dukkansu an gina su ne yadda ba za a ci fuskar kowa ba. Da farko kaka, wadda wasan jika ya ba ta damar faɗin abin da wani ba zai iya faɗa ba, za ta yi habaici. In bai yi ba, a aika wani dattijo ya ja kunne. In abin ya ci tura, sai a aiko a ce ana son yarinya ta zo ganin gida, ko ta zo ta taya uwarta jego, daga nan ba za ta koma ba, kowa kuma ya gane. Sai an rasa yadda za a yi ne magana ke kaiwa ga mai unguwa, ko hakimi, ko alƙali.

Kada mu ɗauka wannan tsari ba shi da aibu. Tatsuniyoyinmu cike suke da marainiyar da kishiyar uwa ke gallaza wa, da 'yar bora da aka tura wankin ƙirgi a ruwa mai nisa don a rabu da ita. Al'ummar da ba ta san wannan ciwo ba ba za ta riƙa ba 'ya'yanta irin waɗannan labarai da dare ba. Babban rauninsa kuwa shi ne kunya da kara. Ƙane ba ya iya duban wansa ya ce, “Yaya, ba ni ɗana.” Talaka ba ya iya faɗa wa mai arzikin da ke ci da shi. Idon dangi yana gani, amma sau da yawa bakin dangi a rufe yake.

Abin da Shari'a ta Tanada

Inda al'ada ta yi kara, shari'a ta fito fili. Littattafan mazhabar Malikiyya da alƙalan ƙasar nan ke hukunci da su, watau Risala ta Ibn Abi Zaid, da Muhtasar na Shaihu Halil, da Tuhfa ta Ibn Asim, duk sun yi magana a kan hadana, watau haƙƙin renon yaro bayan rabuwar iyaye ko mutuwar ɗayansu. Sun jera masu haƙƙin: uwa ce farko, sai kaka ta wajen uwa, sai 'yar'uwar uwa, kafin a gangaro wajen dangin uba. Fifikon 'yar'uwar uwa yana da asali tun zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, lokacin da Aliyu da Ja'afar da Zaidu suka yi jayayya a kan riƙon 'yar Sayyidina Hamza, aka ba Ja'afar domin matarsa innar yarinyar ce. Wa'adin renon kuwa, ga namiji har ya balaga, ga mace har ta tare a gidan miji.

Abin da ya fi shafar maganarmu shi ne sharuɗɗan da aka gindaya wa mai reno. Dole ya kasance mai hankali, mai ƙarfin ɗawainiyar yaro, watau tsufa ko rashin lafiya ba su kayar da shi ba. Dole ya kasance mai amana, mai iya tattalin dukiya, wanda ba shi da cuta mai yaɗuwa da za ta cuci yaron. Dole gidansa ya zama wurin da 'ya mace za ta tsira da mutuncinta. In namiji ne, sai yana da macen da za ta kula da yaron. In mace ce, haƙƙinta yakan faɗi idan ta auri wanda ba muharramin yaron ba ne, sai a wasu halaye da aka keɓe. Haka nan idan waliyyin yaro zai ƙaura, ko mai renon za ta ƙaura, zuwa wuri mai nisan baridi 6, watau wajen mil 72, haƙƙin yakan motsa.

Jama'a, ku lura da waɗannan sharuɗɗa da kyau. Babu ko ɗaya daga cikinsu da mutum zai cika yau a ce ya cika shi har abada. Mai lafiya yakan kwanta, mai ƙarfi yakan tsufa, bazawara takan yi aure, mai amana yakan lalace. Ma'anar wannan ita ce, a idon shari'a cancantar mariƙi hali ne mai canzawa, kuma ranar da sharaɗi ya faɗi, haƙƙi ya koma ga na gaba a jeri. In uzurin ya gushe, kamar a ce ta warke daga ciwo, yana iya dawowa gare ta. Bugu da ƙari, ko yaro yana hannun mai reno, ubansa ko waliyyinsa yana da ikon bibiyar halinsa, da ladabtar da shi, da tura shi makaranta. Maganar mil 72 ɗin nan ma, in mun duba, hikimarta ke nan: malamai sun gane cewa waliyyin da ya yi nisa ba zai iya sa ido ba.

Daɗin daɗawa, Muhtasar ya zayyana ayyukan da sabon alƙali zai fara da su in ya hau aiki. Bayan ya duba waɗanda ke tsare a kurkuku, abin da ke biye shi ne ya binciki wasiyyai da dukiyar marayun da ke hannunsu, ba tare da jiran wani ya kawo ƙara ba. Wasiyyin da fasiƙanci ya bayyana gare shi bayan an naɗa shi, tuɓe shi ake yi. Ashe ke nan sake duba mai riƙon amanar yaro ba baƙon abu ba ne da Turawa suka kawo mana. Yana cikin littafin da ke kan buzun kowane alƙali. Mutanen Yawuri kuwa sun san ma'anar amanar da ake sabuntawa, domin bayan jihadi, zamanin Sarki Albishir ɗan Ayi, da amana suka zauna da Gwandu, suka riƙe sarautarsu suna aika gaisuwa.

Zamanin Turawa

Karo na farko da hukuma ta shiga wannan sha'ani da alƙalami da rajista, dalilin bauta ne. Dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta hana cinikin bayi, ta kuma ce duk yaron da aka haifa bayan 31 ga Maris na wannan shekara ɗa ne. Amma fataucin yara a ɓoye bai tsaya nan da nan ba, kuma a shekarun yunwa, kamar 1914, iyaye sukan jinginar da 'ya'yansu don abin da za su ci. Yaran da aka ƙwato daga hannun masu fataucinsu, waɗanda ba a gano danginsu ba, sun zame wa gwamnati kaya. Aka buɗe musu gida a Zungeru, da wani a Barno. A 1909 aka rufe na Zungeru aka mai da yaran Rumasha, hannun 'yan mishan. Wasu yaran kuwa aka rarraba su ga mutanen da aka ga sun dace, aka rubuta sunayensu a rajistar 'yantattun bayi.

A nan aka fara ganin matsalar da muke fama da ita har yau. Yaron da aka miƙa ta wannan hanya ba shi da kaka, ba shi da kawu, takarda kaɗai ke gare shi. Razdan da Di'o kuwa ba su da yawa, ga haraji ga rangadi, ga sauyin wurin aiki a kai a kai. Da yawa daga cikin yaran nan barori suka zama a gidajen da aka kai su. Ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. A 1958 kuma Jihar Arewa ta yi dokar yara da matasa, wadda ta ba kotu ikon ɗauke yaron da ke cikin wulaƙanci ta danƙa shi ga wanda ta ga ya dace, ko dangi ne ko bare. Amma ma'aikatan jin daɗin jama'a da za su bi sawun wannan hukunci a manyan birane suke. A ƙasa irin Yawuri, mai unguwa da hakimi da alƙalin En'e su ne dai suka ci gaba da ɗaukar nauyin.

Shekarar 1968

Tun 1888, lokacin da Sarki Abarshi ya mai da gidan sarautar Yawuri Yelwa, garin ya zama matattarar jama'a iri-iri: Yawurawa, da Gungawa mazauna tsibiran Kwara masu noman albasa da su, da Kambari, da Dukkawa, da Shangawa, da Lopawa, da Sarkawa masunta. Frank Salamone, wanda ya yi bincike a ƙasar ya fitar da littafinsa a 1974, ya nuna yadda Gungawa ke rikiɗa su zama Hausawa. Tun da harshe da addini a gida ake koyonsu, sai mu gane cewa a irin wannan ƙasa, gidan da ya riƙi yaro yana iya canza masa har kabilar da zai amsa sunanta. Nauyin da ke kan mariƙi a nan ya wuce na ci da sha.

A 1964 aka fara ginin madatsar ruwa ta Kainji, aka gama a 1968. Ruwa ya taru ya yi tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya haɗiye tsohon garin Busa da tsibirai da fadamu masu yawa. Aka tayar da mutum kimanin 44,000 daga ƙasashen Yawuri da Bargu, aka zuba su a sababbin garuruwa masu gidajen siminti, aka haɗa ƙauyuka da dama wuri guda. Masana sun yi rubutu mai yawa a kan abin da wannan ya yi wa noma da kamun kifi. Ni abin da nake so ku yi tunani a kansa shi ne abin da ya yi wa idon dangi. 'Yan'uwan da a da ɗan ƙaramin jirgi ke haɗa su cikin ɗan lokaci, yanzu faffaɗan ruwa mai igiya ya raba su. Maƙwabcin da ke bayan katanga wataƙila baƙo ne wanda bai san asalin yarinyar da ke kuka ba, balle ya san wanda zai kai wa labari. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, to, ga shi hanyar da ƙafar ta saba bi ta nutse.

A wannan shekara kuma aka karɓe kotuna daga hannun En'e aka mai da su ƙarƙashin gwamnatocin jihohi, aka soke kotunan sarakuna. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa raba sarakuna da hakimai da ikon zartarwa. Akwai dalilai masu ƙarfi da suka sa aka yi waɗannan gyare-gyare, ba kuma ina kiran a koma baya ba ne. Sai dai mai unguwar da a da in ya kira mariƙi dole ya zo, yanzu roƙo kaɗai ya rage masa. Sa'an nan ga mota ga kwalta. Yaron da a da iyakarsa Yelwa ko Birnin Yawuri, yanzu sai a sa shi a mota zuwa Sakkwato, ko Kwantagora, ko Kaduna, ko Ikko, daga baya kuma Birnin Kebbi, bayan an ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, da Abuja. Mil 72 ɗin da malamai suka ɗauka iyaka ce, yau tafiyar safiya ce, amma uwar da ke ƙauye ba ta da kuɗin motar bin sawu.

Cikin wannan giɓi ne wasu abubuwa suka tsiro suna fakewa da sunan riƙo. Akwai dillalan da ke kwaso 'yan mata daga ƙauyuka su rarraba su aikatau a birni. Akwai almajirin da aka kai wa malami a gari mai nisa, shekara da shekaru uban bai leƙa ba. A Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300, da yara a cikinsu, daga wani gidan horo a Rigasa ta Kaduna, wasunsu da mari a ƙafa, kuma akasarinsu danginsu ne suka kai su da hannunsu. A 2020, lokacin annobar korona, da gwamnonin Arewa suka shiga mai da almajirai jihohinsu, sai ga shi babu wata rajistar da ta nuna yaran nan nawa ne, ko a hannun wa suke. Riƙon lalura kuma bai ragu ba. Haɗarin jirgin ruwan da ya auku kusa da Wara ta ƙasar Ngaski a Mayun 2021 ya ci rayuka masu yawa a yini guda, kowane magidanci ko uwa da ruwa ya ci kuwa, akwai 'ya'yan da dole wani ya ɗauka.

Darasi daga Ingila

Ba mu kaɗai muka taɓa shiga wannan hali ba. A Janairun 1945 wani yaro ɗan shekara 12, Dennis O'Neill, ya mutu saboda duka da yunwa a wata gona a Ingila, a hannun mutanen da hukuma da kanta ta ba su riƙonsa. Binciken da aka yi ya nuna hukumomi biyu ne kowace ta saki jiki ɗayar na dubawa. Wannan ya taimaka wajen haifar da dokar yara ta 1948. Bisa ƙa'idojin 2011 na ƙasar, duk wanda aka amince masa ya yi riƙo, dole a sake duba cancantarsa kafin shekara ta cika, daga nan kuma kada a wuce shekara ba a sake ba. Ana jin ta bakin mariƙin, da ta yaron gwargwadon wayonsa, da ta hukumar da ta kawo shi, a rubuta rahoto, sa'an nan a yanke ko ya ci gaba, ko a canza masa sharuɗɗa, ko a soke amincewar.

Amma labarin da ya fi kusa da mu shi ne na Victoria Climbié, 'yar ƙasar Kwaddibuwa. Iyayenta sun miƙa ta ga wata 'yar'uwar mahaifinta don ta sami ilmi a Turai, daidai yadda muke yi. Ta mutu a Landan a Fabrairun 2000 tana da shekara 8, da tabo 128 a jikinta. Rahoton binciken da ya fito a 2003 ya nuna cewa ma'aikatan jin daɗin jama'a da asibitoci da 'yan sanda duk sun san da ita, ba wanda ya zauna ya saurare ta yadda ya kamata. Iyayenta sun yi nisa, ma'aikata kuma suna kallon takarda. Wannan yarinya ta rasa idon dangi, ba ta kuma sami idon hukuma ba.

Dokokinmu na Yau

Dokar 'Yancin Yara ta Tarayya ta 2003 ta keɓe kashi guda a kan riƙo. Ta ce kotu ce ke ba da izni, a rubuta yaron a rajista, ma'aikatan kula da yara su riƙa ziyartarsa, kotu kuma tana iya soke iznin in ta ga zaman ba alheri ba ne gare shi. Jihar Kebbi ta sa hannu a kan tata dokar kare yara a 2022. Dokar hana fataucin mutane ta 2015 kuma ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. A 2023 aka kafa hukumar tarayya mai kula da ilmin almajirai da yaran da ba sa makaranta. Duk waɗannan ci gaba ne. Amma ina tambayar ma'aikatan da ke nan: cikin 'ya'yan riƙon da kuka sani a unguwanninku, nawa ne suka bi ta kotu? Riƙonmu a zaure ake ƙulla shi, da fatiha da goro. Doka tana tsaron ƙofar da mutane ƙalilan ke bi, jama'a kuwa suna wucewa ta wata.

Kammalawa

Shawarata ita ce a haɗa abin da ya rage na tsohon tsari da sabon, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na farko, kowane mai unguwa da dagaci ya riƙe littafin da za a rubuta duk yaron da aka fitar riƙo daga ƙasarsa da wanda aka kawo, da sunan mariƙi da inda yake, ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma ya riƙa karɓar kwafi. Na biyu, a mai da ganin gida wajibi, aƙalla sau ɗaya a shekara, da kaka ko da salla, kuɗin mota a wuyan mariƙi. Na uku, a ɗauki sharuɗɗan da malaman Malikiyya suka jera a mai da su ma'auni: in matar gida ta rasu, ko an yi sabon aure, ko ciwo ya kama mariƙi, ko an yi masa canjin wurin aiki, to, lokacin sake dubawa ya yi, ba sai an jira ƙara ba. Na huɗu, a ji ta bakin yaron shi kaɗai, in 'ya mace ce mace ta tambaye ta. Na biyar, kada a ɗauka ƙarshen kowane bincike ƙwace ne. Tsohuwar da ke riƙe da jikoki huɗu marayu a bakin tafki ba ta rasa amana ba, hatsi ta rasa, kuma buhun gero daga zakka ko daga hukuma ya fi raba ta da su. Na shida, malamai su bayyana wa jama'a a kan mumbari cewa uban da ya tambayi halin ɗansa, ko ya karɓe shi, haƙƙinsa ya yi amfani da shi, bai ci mutuncin kowa ba.

Daga ƙarshe, ina so in juyo gare mu da ke cikin wannan ɗaki. Mu ma'aikata, da ku ɗalibai da za ku zama ma'aikata gobe, mu ne manyan mariƙan wannan zamani. Mu ne ake kawo wa 'yar ƙane daga ƙauye a ce, “Ga ta nan, ta zama taka.” Mu ne kuma dangi ke jin nauyin tambaya, saboda albashinmu suke kallo. Tun da su ba za su iya tambayarmu ba, sai mu tambayi kanmu. Makarantar da 'ya'yanmu ke zuwa, ita take zuwa? Wa ke fara tashi da asuba a gidan, wa ke ƙarshen kwanciya? Yaushe rabonta da ganin uwarta? In amsar ba ta yi mana daɗi ba, gara mu gyara, ko mu mai da amana ga masu ita tun ba a tambaye mu a inda kara ba ta da amfani ba.

 Allah ya ba mu ikon riƙon amana.